Haƙoran Takalmi a Birnin Madubi

Don Allah duk wanda takardar nan ta faɗa hannunsa ya yi haƙuri da ni. Rubutuna ba kyau, ni ma na sani, kuma a ɓoye nake yi, ina yi ina sauraren motsin ƙofa. Ban taɓa ganin ƙasar ƙanƙara ba, iyakar wadda na sani ita ce ta cikin kular zoɓo. In an ga kuskure a gyara a zuci, kar a yi min dariya. Mai ba da labarin sunanta Lantana, ga abin da ta ce.

Ku matso, ku masu tambayar abin da ke bayan duwatsu. Ku gyara zama, ku masu son jin inda ƙasa ta ƙare. Ni ce Lantana, autar Inna Hajo ta garin Rafin Gawo, wadda ta yi tafiya a kan ruwa bai haɗiye ta ba, wadda ta ga birni an gina shi a kan madubi. Mu biyu muka shiga birnin nan da ƙafa huɗu, muka tsira da ƙafa uku.

Garinmu gari ne na ƙishirwa. Da damina ruwa ya yi ta zuba har ya ci katanga, rani na shigowa rijiyoyi su ƙafe, mata su yi ta yawo da tulu. Wata rana wani bafatake ya sauka a zauren gidanmu, ya ce can nesa akwai ƙasar da ruwa ke zama dutse, mutanenta su sare shi su jera kamar yadda muke jera dami a rumbu. Kowa ya yi dariya, ban da yayana, Yaya Barmo. Shi kam ya tashi tsaye ya ce sai ya je ya koyo ilimin nan ya kawo wa garinmu.

Yaya Barmo ƙato ne, ga zuciya, ga ladabi. Matsalarsa ɗaya, kunnensa na manya ne kawai. In ƙarami ya yi magana, kamar sauro ne ya wuce. Ni kuwa ko akuya ce ta kalle ni da yawa sai in sauya hanya. Amma Inna ta ce ba zai tafi shi kaɗai ba, don ko ruwan zafi bai iya dafawa ba, sai ta haɗa mu. Ranar tafiya ta riƙe kunnensa, duk girmansa, ta ce, “Barmo, duk inda kuka sauka ku girmama masu gida. Kar in ji an ce ɗana ya taka shimfiɗar manya da takalmi.”

Ya ce, “Inna, ai kin san ni.”

Muka kama hanya. Mun ratsa dajin da itatuwansa ke tafiya suna bin inuwar juna, mun wuce garin da mutanensa ke barci a tsaye kamar dawakai, mun haye kogin da kifayensa ke yin tari. Kullum sanyi na ƙaruwa, har wata safiya na ga hayaƙi na fita daga bakin Yaya, na fasa ihu na ɗauka cikinsa ne ya kama da wuta. Ya ce in duba nawa bakin.

Daga nan ƙasa ta zama fara fat, fari har iyakar gani. Ga wani fili a gabanmu yana ƙyalli. Yaya ya ce, “Lantana, ga ruwan dutse!” Ya ɗaga ƙafa ya taka da ƙarfinsa. Ban ga lokacin da ƙafafunsa suka yi sama ba, ƙarar bayansa kawai na ji, sai ga shi yana tafiya a kwance, hularsa na bin sa a baya.

Wata tsohuwa ta fito daga wata bukkar dutse a bakin filin, tana dariya har tana riƙe ciki. Sunanta Iya Darma, sana'arta ƙera haƙoran takalmi. Harshen mutanen ƙasar kamar namu ne, sai dai suna jan magana. Ta jefa wa Yaya igiya ta jawo shi kamar buhu, ta ce, “Ɗan nan, daga wace duniya kuka fito da ƙafa ba haƙori?”

Ta shigar da mu ta ba mu rigunan gashi, sannan ta ɗauko abin. Ƙarfe ne mai faɗin tafin ƙafa, ƙasansa duk tsini, da wasu dogaye biyu a gaba kamar haƙoran gafiya. Ana ɗora takalmi a kai, a zagayo da madaurin fata ta saman ƙafa da bayan dunduniya, a ja tamau. Ba ta karɓi komai a wurinmu ba sai ƙullin barkonon da Inna ta sa mana, ta lasa ta yi atishawa, ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa jin ɗumi irin wannan ba.

Ta fito da mu kan ƙanƙara ta ce, “Ku buɗe ƙafa kamar agwagwa, kar haƙori ya kama wandonku. Ku taka da dukan tafin, ba da gefe ba. Gajeren taku. In dusa ta cushe tsakanin haƙoran ku buga ƙafa ta zube, in ba haka ba kun koma kamar ba ku sa komai ba. Kuma kar ku cire su sai kun hau gadon barci.”

Na taka, na ji ƙaras, ƙarfe ya ciji ƙanƙara, ƙafata ta tsaya cak. Duk da haka tsoro ya sa na kamo gefen rigar Yaya. Iya Darma ta buge hannuna.

“Sake shi, 'yar nan! A ƙasar nan ba a riƙe juna a kan ƙanƙara. In ya faɗi zai tafi da ke. Ko uwa ba ta riƙe hannun ɗanta da zarar an ɗaura masa haƙora. Kowa ƙafarsa.”

Ta nuna mana hanyar Birnin Madubi, inda Magajiyar ƙasar take, ta ce ita kaɗai ke da ikon ba baƙo ilimin ruwan dutse.

Hanyar ta bi ta kan wani tafki da ya daskare. Muna tsakiyarsa na ji wani gurnani a bayanmu. Na waiga, sai ga wata dabba fara, suffar kura amma girman bijimin sa, tana tahowa a guje, kanta a ƙasa. Muka zura da gudu. Gudun agwagwa kuwa ba gudu ba ne. Can na ji ƙafata ta daina cizo, dusa ta cushe haƙoran ta zama dunƙule, na zame na faɗi a gwiwa. Na buga ƙafa ɗaya da ɗaya, dunƙulen ya zube, na miƙe. Kafin nan ta cim mana, har ina jin warin bakinta.

Ta hagunmu na hango ƙanƙarar wurin baƙa ce, ruwa na motsi a ƙarƙashinta. Na ce, “Yaya, can ba ƙwari.” Muryata ko ni da ƙyar na ji ta.

Yaya ya ture ni gefe, ya tsaya a gaban dabbar yana kaɗa hula yana cewa, “Zo nan, mummuna! Ni ne mai nama!” Ta yo kansa. Sai da ta kusa taɓa shi ya dasa ƙafa ɗaya ya kauce. Haƙoransa suka riƙe shi, ita kuwa faratanta suka kasa. Ta wuce tana karce ƙanƙara, ta yi ta zamewa har kan baƙin wurin nan. Ƙanƙarar ta yi ƙara kamar an fasa ƙwarya, ta buɗe, ta haɗiye ta.

Yaya na haki ya ce, “Kin ga ikon Allah? Ashe can ba ƙwari.”

Na ce, “Ai na faɗa maka.”

Ya ce, “Yaushe?” Ya sa hularsa muka ci gaba.

Birnin Madubi a jikin tsauni yake, gidajensa da titunansa duk ƙanƙara, in ka sunkuya ka ga fuskarka a ƙasa. Ko'ina ƙaras ƙaras kake ji, har yara ƙanana da 'yan haƙoransu, kowa na tafiya shi kaɗai, ba mai taɓa wani. Aka kai mu fada da hantsi. Fadar cike take, Magajiya na zaune can ciki a kan kujerar da aka kafe da ƙusa, dattijuwa ce doguwa mai farin gira.

A bakin ƙofa na duba inda zan ajiye takalmi. A garinmu ko gidan mai unguwa ka je, tarin takalma za ka fara gani. Nan kuwa fada cike da mutane, amma ƙofa wayam, ko ɗaya babu. Na ja rigar Yaya na ce a hankali, “Yaya, duba, ba wanda ya cire.”

Ya ce, “Ke, yi shiru, manya na kallonmu.”

Ya tsuguna, ya kwance madaurin, ya cire takalman da haƙoransu, ya jera su a gefe tsaf yadda Inna ta koya masa. Ya durƙusa ya ce, “Ranki ya daɗe, barka da hutawa.” Daɓen fadar ƙanƙara ce zalla. Sai ga Yaya yana tafiya a kan gwiwa a hankali, yana gaisuwa yana zamewa, har ya tsaya a gaban kujerarta.

Ba wanda ya yi dariya. Wata mata ta rufe idon ɗanta.

Magajiya ta sunkuyo ta ce, “Baƙo, wa ka kashe?”

Yaya ya ce, “Ni? Ranki ya daɗe, ko kaza ban yanka ba a ƙasarku.”

“To me ya sa ka tuɓe haƙora a gabana?”

“Girmamawa ce. A garinmu ba a shiga gaban babba da takalmi.”

Magajiya ta ce, “A nan, wanda ya tuɓe haƙoransa a gabana ya yi rantsuwa ke nan cewa ya aikata abin da ya cancanci mutuwa, ya miƙa kansa ga Faranti. Na ga fuskarka, na yarda ba ka sani ba. Amma in na ɗage maka, gobe duk mai laifi zai ce shi ma bai sani ba. Hukuncin nan ya girme ni.”

Aka kama Yaya. Aka mayar masa da takalmansa, amma an kwance haƙoran an ajiye. Aka fita da mu bayan fada, duk gari na biye.

Faranti wani gangare ne mai faɗi, sumul kamar an goge shi da mai, don kullum da safe zuba masa ruwa suke yi. A ƙarshensa akwai rami, Ramin Shiru suke ce masa, wai duk abin da ya faɗa ba a jin saukarsa. Dab da bakin ramin an kafa turken ƙarfe guda. Suka ɗaura wa Yaya igiya suka zurara shi har turken, ya rungume shi, suka fizge igiyar ta dawo sama.

Magajiya ta ce da ƙarfi, “In ka hawo da ƙafarka, ka wanku. In hannunka ya gaji, Faranti ya yanke.”

Ban san lokacin da na tsinci kaina a gabanta ba. Ban durƙusa ba, don na ga abin da durƙuso ya jawo. Na ce, “Ranki ya daɗe, ba a taimakonsa?”

Ta ce, “Ke wace ce tasa?”

“Ƙanwarsa.”

“Ɗan'uwa na jini zai iya sauka, da haƙoran ƙafarsa da kayan jikinsa kawai. Ba igiya, ba sanda. Amma ki saurare ni, 'yata. Na ga uwaye sun sauka sun kwance nasu sun ɗaura wa 'ya'yansu, ɗa ya hawo, uwa ta tafi. Na ga waɗanda suka raba, kowa ya ɗauki ɗaya ya kama gabansa, suka yi ta juyi kamar katantanwa, duk biyun suka tafi. Ban taɓa ganin biyu sun dawo ba. Kuma rana na kaiwa tsaka Faranti zai fara gumi.”

Na ɗaga kai, rana ta riga ta yi nisa. Daga ƙasa na jiyo muryar Yaya, ƙarama kamar daga cikin rijiya. “Lantana! Kar ki sauko! Koma gida, ki ce wa Inna na yi ladabi!”

Na ja madaurina na ƙara ɗaurewa. Na sa ƙafa.

Wallahi ban san yadda zan kwatanta muku saukar nan ba. Na juya gefe, ina taka dukan tafin yadda Iya Darma ta ce, ƙaras, in jira, ƙaras. Ban yarda na kalli ramin ba, ƙafata kawai nake kallo, da fuskata a cikin ƙanƙara tana kuka. Iska na tasowa daga ramin tana tura ni. Yaya kuwa bai fasa ba, “Koma! Na ce ki koma! Ba kya ji ne?”

Na isa turken na saƙala hannu ɗaya. Yatsun Yaya sun yi fari, leɓensa ya yi baƙi. Takalmansa na ta zamewa a ƙarƙashinsa, dugadugansa kuwa sun kusa leƙa ramin.

Ya ce, “In ma kin zo ki ba ni naki ne, ba zan karɓa ba. Juya ki hau.”

“Yaya, ɗaya zan ba ka.”

“Ɗaya ba ya hawa da mutum. Ni ne babba, na ce ki...”

“Yaya, yi min shiru!”

Ni kaina na tsorata da muryar. Ramin ya maimaita ta.

Na zauna na matse turken da cinya, na kwance haƙoran ƙafata ta dama. Yatsunsa ba sa lanƙwasuwa, ni na ɗaura masa a tasa ƙafar ta dama. Ya yi masa kaɗan, ƙarfen ya tsaya a tsakiyar tafinsa, na ja madaurin har sai da ya yi ƙara. Sannan na warware mayafina, na haɗa ƙafata ta dama da tasa ta hagu, waɗanda ba su da haƙori, na naɗe su tun daga idon sawu har gwiwa na ƙulle. Muka koma masu ƙafa uku, ta gefena mai cizo, ta gefensa mai cizo, ta tsakiya ta banza.

Daga sama aka ɗau salati. Ina jin wata na ihu, “Ta ɗaure kanta da shi! Zai tafi da ita!”

Na ce, “Yaya, ka sha ganin ni da Inna muna daka a turmi ɗaya, ko?”

“Daka kuma? A nan?”

“Taɓarya biyu ba sa tashi tare. In tawa ta sauka taka ta tashi. In na ce ni, na taka. In na ce kai, ka taka. In na ce ja, mu ja ta tsakiya. Kar ka ɗaga sai ka ji tawa ta ciji.”

“Ni ban taɓa riƙe taɓarya ba.”

“Na sani. Rungume kafaɗata, ka saki turken.”

Sakin turken nan ya fi komai wuya. Sai da na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Muka miƙe muna tangaɗi, na riƙe ƙugunsa, nauyinsa kamar buhun gero a wuyana.

“Ni.” Ƙaras. “Kai.” Ƙaras. “Ja.” Ƙafar tsakiya ta biyo.

Muka tsaya. Ba mu zame ba.

“Ni. Kai. Ja. Ni. Kai. Ja.”

Turken ya fara nisa a bayanmu. Yaya ya fara samun numfashi, har ya ce, “Ashe abin ba wuya.” Ya fara sauri. Na ce masa ya jira, ya ce rana na yi. Ina cikin ɗaga tawa, ban kai ga saukewa ba, shi ma ya ɗaga tasa.

Duniya ta juya. Muka faɗi ruf da ciki, muka yi baya a guje, ƙanƙara na ƙona min haɓa. Na ga turken ya taho ya kusa wuce mu ta gefe, nesa da hannu. Na tattara duk ƙarfin da Allah ya ba ni na soka haƙoran gaban nan biyu a ƙanƙara. Suka karce, suka yi ta feshin gari, suka karce, sannan suka kama. Idon sawuna ya yi ƙas, zafi ya hau har ƙwaƙwalwata. Amma mun tsaya.

Ina jin zuciyar Yaya na bugawa a haƙarƙarina. Ƙasan cikina ya jiƙe, na gane Faranti ya fara gumi.

Can ya ce, a hankali, “Lantana.”

“Na'am.”

“Faɗi. Ke nake saurare.”

Muka miƙe da ƙyar. Na ce, “Ni.” Ƙaras. “Kai.” Sai na ji tasa ta yi luƙus, ba ƙaras ba. Na leƙa. Garin ƙanƙarar da muka karce ya jiƙe ya cushe haƙoransa, ya zama dunƙule.

Na ce, “Yaya, naka ya toshe. Sai ka ɗaga ka buga shi a ƙafar tsakiya.”

“In na ɗaga, ke kaɗai za ki riƙe mu. Da wannan ƙafar da ta gurɗe.”

“Ɗaga.”

Na dasa ƙafata, na cije leɓe. Ya ɗaga. Nauyin mutum biyu ya sauka a kan idon sawuna, na ga taurari da rana tsaka. Ya buga, bai zube ba. Ya sake bugawa, tsinin ya huda mayafin ya shiga ƙaurina, na ji ɗumin jini. Haƙorana suka fara ja da baya kaɗan kaɗan, ina jin su suna kuka a cikin ƙanƙara. Na ce, “Yaya, da ƙarfi!” Ya buga na uku, dunƙulen ya faɗi, ya gangara, ya leƙa ramin ya tafi. Ba mu ji saukarsa ba.

Ƙaras. Tasa ta ciji.

“Ja.”

Daga nan ban ƙara kallon sama ko ƙasa ba. Ni, kai, ja. In muryata ta shaƙe sai in yi da numfashi, shi kuma ya jira, ko da kuwa na daɗe. Ruwa na gangarowa ta tsakanin ƙafafunmu. Duk 'yan taku kaɗan sai mun tsaya ɗaya ya riƙe ɗaya ya kakkaɓe. Can sai na ji wata ƙara daga sama, mai nauyi, tana zuwa daidai da kirana. Mutanen birnin ne ke buga haƙoransu a ƙasa. In na ce ni, su buga. In na ce kai, su buga. Ba wanda ya miƙo hannu, don ba su saba ba, amma duk tsaunin ya zama turmi ɗaya.

Ban san mun kai ba sai da ƙafata ta taka wuri mai kwance, muka zube a gaban Magajiya.

Wani bafade ya matso ya ce, “Ranki ya daɗe, an ce ba igiya. Wannan abin da ta ɗaura ai igiya ce.”

Magajiya ta sunkuya ta taɓa ƙullin da yatsa, jini da ruwa sun jiƙa shi. Ta ce, “Mayafi ne. Ni ma ga nawa a kafaɗa. Ko za ka ce igiya na yafa?” Bafaden ya koma baya. Ta dubi Yaya ta ce, “Ka wanku, baƙo. A mayar masa da haƙoransa, kuma don Allah wani ya tsaya kusa da shi kar ya sake girmama ni.”

A nan ne fa aka yi dariya, har da Yaya, yana yi yana share hawaye da hula.

Mun zauna a birnin har ƙafata ta warke. Magajiya ba ta ɓoye mana komai ba, ta ce ruwa ba ya zama dutse sai da sanyi, kuma sanyi ba ya shiga jaka. Ta ba mu guntun ƙanƙara a naɗe da ciyawa, kafin mu kai garin masu barci a tsaye ya narke, muka shanye. Amma ta sa an nuna mana yadda suke haƙa rami su daɓe shi su rufe bakinsa su yi ajiya, kuma da wannan ne Rafin Gawo yake tare ruwan damina har yau. A bakin iyaka muka mayar wa Iya Darma da haƙoran Yaya. Nawa biyun kuwa ta ce mu tafi da su, wai sun riga sun saba da mu.

Ranar da muka iso gida, Inna na ɗaki. Ga takalmanta a bakin ƙofa, ga tabarma a shimfiɗe. Yaya ya yi sallama, ya sunkuya ya kai hannu ga takalminsa, sai ya tsaya. Ya ɗago ya kalle ni, ƙaton mutum, a gaban yaran unguwa duka.

Ya ce, “Lantana, a cire?”

Na ce, “Cire, Yaya. Nan gida ne.”

Nan Lantana ta tsaya. Na so in ƙara faɗin inda Inna Hajo ta rataye haƙoran nan biyu, amma ga Umma can tana ƙwala min kira, ina jin ta gano ban ɗora tukunyar ba, bari in tura wannan ƙarƙashin katifa kafin ta